Wata bakwai ina neman kadar ɗin XT 500

Tun da na sa hoton moton nan mutane ke tambayata wai ina na tsaya, ko na haƙura na sayar ma ƴan gwangwan. Ban sayar ba, kadar ne ya riƙe ni, wato ƙarfen nan da inji da tanki da tayoyi duka ke hawa kansa, wasu kan ce firam.

Moton na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata da ke Tawa, Yamaha XT 500. Shekaru ashirin da wani abu tana jingine cikin zaure an lulluɓe ta da tsohuwar tabarma, kaji har ƙwai suka yi a ƙarƙashinta. Ranar da na ce ina so ya ba ni, sai da ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Kai ɗana, mi za ka yi da wanga tsohon ƙarhe? Ga Kasea nan da Haojue sun cika gari, ka tahi ka sayi sabuwa ka huta." Na ce Kawu ni dai ita nake so. Ya ce to ɗauka, amma in ta halbe ka kada ka zo mini kuka. Yana nufin kik, dan ba ta da maɓallin tayarwa, ƙafa ce kawai, kuma silinda guda mai 499 cc in ba ka iya lallaɓa shi da ɗan hannun rage iskan nan ba, wallahi sai ya maido maka kik ɗin a ƙwauri.

Ga wanda bai san ta ba, a 1976 ta fito kasuwa, kuma ita ce Cyril Neveu ya hau ya ci tseren hamada na Paris-Dakar na farko a 1979, ya sake ci da ita a 1980. Wancan na farkon ta ƙasarmu ya ratsa, daga Tamanrasset suka shigo Agadas suka gangaro Yamai kafin su wuce Gao. Shi ya sa tsofaffin makanikai na nan ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani, kana cewa XT sai ka ga mutum ya aje kile ya gyara zama.

Injin bai ba ni tsoro ba. Mun buɗe shi a garajin maigidana nan Boukoki, fisto ya ci, zobbansa sun mutu, amma ƙasan injin lafiya lau. Matsalar sai da muka wanke kadar ɗin ta fito. A wuya, daidai inda bututun sama ya haɗu da wanda ke gangarowa gaban inji, an taɓa yi masa walda, irin waldar ƙofar gida, tudu guda kamar an manna tuwo. Na kira Kawu, sai lokacin ya tuna wai a hanyar Abalak ya taɓa faɗawa rami da buhun hatsi a baya.

A wata moto da sai in ce a gyara waldar a wuce, amma XT 500 man injinta cikin kadar yake zama. Murfin da ake zuba mai yana nan gaban tanki, bayan kan moto, man ya cika bututun ya gangara, ya bi ta wata ƴar raga a ƙasa ya shiga inji, famfo ya sake maido shi sama. To ka ga duk wanda ya yi walda a wurin nan, kashin walda da tsatsa cikin hanyar mai ya zuba su. Maigida ya toshe ƙasan, muka ɗura gazuwal muka girgiza muka juye cikin farin roba, abin da ya fito kamar an wanke tukunyar shayi, baƙin ruwa da yashi da ƴan ɓarɓashin ƙarfe masu ƙyalli. Muka bar sauran ya kwana, da safe ga gazuwal yana tsattsafowa ta gefen waldar. Maigida ya goge hannu ya ce, "Yaro, wannan ko ka sa mata sabon inji daga Japon wata uku za ta cinye shi. Nemo wani."

Kasuwar Katako na fara zuwa, kamar kowa. In kana neman abin da ya mutu a Yamai can ne kabarinsa. Asabar huɗu ina zagaya wajen masu tsohon ƙarfe da hoto cikin salula, kowa ya duba ya ce akwai, zauna a kawo. A kawo maka kadar ɗin DT 125, ka ce ba shi ba ne, a ce ai duk Yamaha ne. DT kam suna da yawa dan su ne motocin da ma'aikatan proje suka yi ta hawa cikin ƙauyuka, amma ita ƙarama ce kuma injinta na mai gauraye ne, ba abin da ya haɗa su. Wani dattijo mai narka alminiyam ne ya gaya mini gaskiya, ya ce irin waɗannan manyan da yawansu sun riga sun zama tukwane, injin a fasa a narke, ƙarfen kuma a auna a kilo a loda a mota. Ya nuna mini jerin tukwanen da ya zuba da safe suna sheƙi a rana, na tsaya ina kallonsu ina tunanin ko murfin injin wata XT na cikin wadda za a dafa shinkafar suna gobe.

Sai na koma WhatsApp. Nan ne aka cuce ni, kuma da hannuna. Wani a Agadas, abokin abokin wani, ya turo hoto da dare, duhu-duhu, kadar jingine da bango, ya ce XT ce tabbas, in tura jikka talatin na kafin alƙalami ya sa a mota. Zumuɗi ya hana ni cewa ya ɗauko hoton baya. Kwana biyar na je tasha na karɓo, ina kwance buhun na ga wurin amortisar guda ɗaya a tsakiya. XT 500 biyu gare ta, hagu da dama. Abin da ya aiko na XT 600 ne, ƙanwarta ta shekarun 1980, mai kyau ma kuwa, sai dai ko kusa injina ba ya zama a ciki. Na kira shi ya ce ai ni XT na ce. Da gaskiyarsa ta wani gefen. Kadar ɗin yana nan bayan ɗakina, mai buƙata ya yi magana.

Daga nan na koyi tambaya. Yanzu duk wanda ya ce yana da shi, abu uku nake cewa ya ɗauko mini da rana tsaka: wuyan, wurin amortisar, da lambar da aka buga a jikin wuyan. Lambar motona da 1U6 ta fara, irin waɗanda aka kai Turai, kuma su ne suka fi zuwa nan ta hannun Faransawa. Maganar lamba ba ƙawa ba ce, kart giris, wato takardar moto, da lambar kadar take tafiya, in ka sa kadar da ba takarda ranar da ɗan sanda ya duƙa ya duba ka shiga uku, balle yanzu da ake sa ido sosai kan manyan motoci saboda halin tsaro.

Sauran kayan kuwa a hankali suka taru, ba su da labari sosai. Sarƙa 520 da buji da ruluma duk akwai su nan. Taya 21 ta gaba da 18 ta baya sai da na sa aka duba mini Kano, ta Ƙonni suka shigo. Fisto da zobba wani ɗan uwa da ke karatu a Faransa ya saya ya ba mai zuwa hutu, kuma a can ba wuya dan an daɗe ana sayar da moton a ƙasar, har 1989, ga kuma wata Yamaha, SR 500, da injinsu kusan ɗaya ne. Wuta ce ta ɗan ba ni ciwon kai, 6 volt ce, duk ƙwan fitilar da ke kasuwa yanzu na 12 ne. Karburata kuma kowa cewa yake in sa na Sin in huta, na ƙi, Mikuni ɗinta na asali na jiƙa kwana uku na bi ramukan da siririyar waya ɗaya bayan ɗaya. Ban ce na Sin ba ya aiki ba, ni dai raina ne bai kwanta ba.

Kadar ɗin kuma ashe yana Tawa, inda na baro. Na je gaisuwar rasuwa, bayan an shafa fatiha muna zaune da Kawu sai wani abokinsa ya ji muna maganar, ya ce shi fa ya san wani tsohon direba da ya taɓa raka masu yawon buɗe ido, akwai irin wannan a bayan gidansa, injin ya fashe tun tuni. Muka tafi da la'asar. Kadar ɗin yana kife kusa da turken awaki, an ɗaura igiyar akuya a jikinsa, rabinsa cikin ƙasa. Na durƙusa na tofa yawu na goge wuyan da bakin riga, 1U6 ta fito. Ba walda ko ɗaya. Murfin man ma yana nan a ɗaure, da na murɗe shi da ƙyar sai warin tsohon mai ya bugo ni, ban taɓa jin daɗin wari irin na ranar ba, dan man da ya kwana ciki shi ya hana tsatsa cin bututun.

Tsohon ya ce, "Ɗana, in kana so ɗauki, amma ka kawo mini abin da zan ɗaure akuyata." Na ce Baba a yi ciniki dai. Ya ƙi, Kawu ya sa baki, a ƙarshe jikka ashirin da goro da sabon turke na ƙarfe da na sa aka yi masa a bakin kasuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da kart giris ɗin cikin leda, ta yi ja ta kakkarye a ninki amma lambar na karantuwa. Washegari muka je aka rubuta takardar sayarwa aka buga hatimi.

A saman kar na ɗoro shi zuwa Yamai, kilomita ɗari biyar da wani abu, duk tsayawar da muka yi sai na sauka na leƙa, har yaron mota ya fara yi mini dariya a Dosso. Maigida ya ɗaura tayoyin ya ja zare daga ta baya zuwa ta gaba, ya rufe ido ɗaya ya daɗe yana dubawa, ya ce ya ɗan karkata hagu amma kaɗan ne, zai zauna. Gwajin gazuwal ya kwana biyu bai zubar ko ɗigo ba.

Yanzu yana wurin mai fenti, baƙi na ce a yi. Abin da ya rage mini murfin gefe na hagu da ƙarfen da ke kare ƙasan inji, in wani na da su a Maraɗi ko Zinder ko Agadas ya turo hoto, da rana dan Allah, gaba da baya.