Tambayar da ta sa na sake karanta Shaihu Umar

Shekarar da na fara koyar da Hausa a sakandare, littafin da ya faɗo hannuna shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ban ji ko ɗar ba, domin na karanta shi tun ina ɗalibi, kuma amsar tana kaina kamar karatun Fatiha: jigonsa haƙuri da yarda da ƙaddara. Na rubuta haka a allo, na ƙara musu da cewa littafin ya fito a 1934, yana cikin waɗanda suka yi nasara a gasar ƙagaggun labaran Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Yara suka kwafa. Ni a ganina aiki ya ƙare.

Sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. "Malam, to shi Umar me ya yi? Kome yi masa ake yi."

Na buɗe baki zan ce ai haƙurin ke nan, sai na ji amsar ba ta gamsar da ni kaina ba. Na ce mu haɗu gobe.

Da dare na ɗauko littafin da takarda, na ja layi, duk mutumin da ya fito sai in rubuta abin da yake so da abin da ya aikata don ya samu. Fadawan Kagara ba su ba ni wahala ba: Makau, mijin mahaifiyar Umar, ya samu shiga wurin sarki, hassada ta ci su, suka ƙulla masa sharrin ɓoye bayin da ya kamo a hari, aka kore shi. Abdulkarim kuwa Balarabe ne da fatauci ya kawo shi, yaro Umar ya shiga ransa, ya tafi da shi garinsu Ber Kufa ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Da na iso kan Umar sai layin ya tsaya kusan fayau. An sace shi, kura ta cinye wanda ya sace shi, an tsince shi, an ratsa Sahara da shi, an sa shi karatu. Yarinyar nan ta fi ni gaskiya.

Layin da ya cika har ya zuba na mahaifiyarsa ne. Ita ce take son abu guda, ta kuma san abin da take so. Ba ta zauna a ɗaki tana cewa Allah ya kawo shi ba, ta fita neman ɗanta, aka kama ta, aka sayar, ta sha wuyar bauta har Tarabulus, ta gan shi, ba a jima ba ta rasu. Shekara nawa ina ambaton haƙuri a kan wannan littafi, ban taɓa lura cewa wadda ta fi kowa motsi a cikinsa ta ƙi zama ta jira ba. Kuma da na bi sawunta sai cinikin bayi ya fito fili, abin da a da nake ɗauka ado ne kawai na zamanin labarin. Shi kansa Makau da muke tausaya wa, ai harin kamo mutane ya je. Wannan ya ɗan dame ni, gaskiya, kuma har yanzu ina ganin shi ne wuri mafi nauyi a littafin.

Washegari ban goge haƙuri daga allo ba. Yana nan, domin Shaihu Umar, dattijon da ke ba almajiransa labari a garin Rauta, da wannan idon yake kallon rayuwarsa, kuma mai gyaran takardar jarrabawa zai neme shi. Amma na daina fara darasi da jigo. Yanzu sai mun gama jan layukan nan tukuna, kowa ya kawo shafin da ya dogara da shi, sannan in tambaye su abin da suka gani.

Hanyar tana cin lokaci. A zangon nan ban gama manhaja ba, sai da na roƙi darasi biyu na ranar Asabar. A na biyun ne wani yaro ya kafe cewa Abdulkarim ba mutumin kirki ba ne, tunda alherinsa ne ya ƙara nisanta ɗa da uwarsa, ajin ya rabu biyu, aka tashi ba a shirya ba.