Yadda muka rage jiran ginin manhaja a sabar CI

Sabar CI, wato kwamfutar da ke gina manhaja da kanta duk sanda aka tura sabon kod, mantuwa gare ta. Duk sanda ka tura kod, GitHub Actions, sabar CI ɗin da muke amfani da ita, sai ta ba ka inji sabo fil, babu node_modules (foldar da ake ajiye fakitocin kod da aka sauko), babu komai na jiya, a fara daga tushe. A kwamfutata ginin manhajarmu ba ya daɗewa, amma a can sai mutum ya yi alwala, ya yi sallah, ya dawo, ɗigon nan ruwan ɗorawa yana ta juyawa. Ga kuma batun kuɗi: tsarin kyauta minti 2,000 yake bayarwa a wata ga kod ɗin da ba na kowa da kowa ba, mu kuwa kafin wata ya ƙare mun cinye su.

Kafin in taɓa komai sai da na karanta lokacin da ake rubutawa a gefen kowane mataki. Uku ne ke cin lokacin: sauko da fakitoci, webpack mai haɗa fayilolin kod su zama dunƙule, da binciken TypeScript, yaren da muke rubuta kod da shi.

Na fakitoci bai ba da wahala ba. Layi ɗaya ne a setup-node, matakin da ke shirya injin, "cache: npm", shi ke nan ana adana abin da aka sauko, ba a sabunta shi sai package-lock.json, fayil ɗin da ke lissafa fakitocin, ya canza.

Webpack ne ya sa na sha zama. Tun sigarsa ta 5, wadda ta fito a Oktoba 2020, yana iya ajiye aikin da ya riga ya yi a kan faifai idan ka sa masa "filesystem". To amma a node_modules/.cache/webpack yake ajiyewa, shi kuma "npm ci", umarnin girka fakitoci, aikinsa na farko shi ne share node_modules ƙarƙaf. Jerin matakan da na tarar yana dawo da ajiyar ne kafin wannan sharar, sai ka ga rahoto ya ce an samu ajiya, lokaci kuwa ko gezau. Na mayar da ita wata folda ta daban ta hanyar cacheDirectory.

Sai maganar mabuɗi, wato sunan da ake ba ajiyar. Ajiyar da aka rufe da suna ɗaya ba a sake rubutu a kanta, don haka idan sunan bai canzawa, tsohuwar za ka yi ta ɗauka har ta daina amfani. Na haɗa sunan da lambar kowane commit (canjin kod da aka adana), na sa restore-keys ya ɗauko mafi kusa. Babban reshen kod ɗin ma dole ya riƙa gini, domin daga wurinsa sababbin rassa ke aro. Iyakar da muka tarar gigabayit 10 ce, kuma abin da ya kwana 7 ba a taɓa ba ana kwashe shi.

Daga nan a madadin Babel mai fassara kod da Terser mai matse shi na sa esbuild, wanda Evan Wallace, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Figma, ya rubuta da yaren Go. Sauri kam ba a magana, sai dai cire alamomin TypeScript kawai yake yi, ba ya duba ko daidai suke. Binciken sai na ba "tsc --noEmit" a wani aiki da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ginin. Jira ya ragu sosai, mintocin da ake ƙirga mana ba su ragu haka ba, tunda kowane aiki lissafinsa daban.

Wani abokin aiki ya ce mu bar webpack mu koma Vite mu huta. Ban yarda ba a lokacin. Sauya gida gaba ɗaya saboda abin da layuka kaɗan suka gyara bai kwanta min ba. Abin da ya fi ɗauke min hankali shi ne esbuild ba ya iya mayar da sabon JavaScript zuwa tsohuwar sigarsa ta ES5 gaba ɗaya, alhali wasu masu amfani da manhajarmu tsofaffin wayoyin Android ke hannunsu. Sai da muka duba burauzocin da ke shigowa, muka tsaya a sigar ES2017, sannan na goge Babel daga package.json.