Yadda Game ya haɗiye Gamestation, da abin da ya samu kasuwar faifan gem a Birtaniya

A watan Mayun 2007 kamfanin Game, wanda ya fi kowa yawan shagunan sayar da wasannin bidiyo a Birtaniya, ya sayi babban abokin gogayyarsa Gamestation daga hannun Blockbuster, kamfanin hayar fina-finai, a kan fam miliyan 74. Gamestation ya faro ne a garin York a 1993, Blockbuster ya saye shi a 2002, kuma lokacin wannan ciniki shagunansa sun haura 200. A garuruwa da dama shagunan biyu suna kan titi ɗaya, wani wurin ma suna kallon juna. Bayan cinikin ba a sauke allon kowa ba, kowane shago ya ci gaba da sunansa da launinsa, amma aljihun ya zama ɗaya.

Wanda zai fahimci abin da aka rasa, sai ya fara sanin inda ribar irin wannan shago take. Ba a sabon faifai take ba. Sabon wasa kamfanin da ya fitar da shi ne ke yanka farashin sari, shago kuma ba shi da ikon ɗora abin kirki a kai, domin kowa ya san nawa ake sayarwa a wani wuri. Riba tana wurin kayan hannu, wato faifan da wani ya gama bugawa ya dawo da shi.

Ga yadda abin ke gudana a kan kanta. Mutum ya kawo faifai, ma'aikaci ya buɗe kwalin, ya juya bayan faifan a gaban haske yana duba karce, sannan ya haska lambar jikin kwali kwamfuta ta fito da farashi biyu: na tsabar kuɗi, da na musaya. Na musayar kullum ya fi yawa, domin ba kuɗi za a ba ka ba, za a rubuta maka ne ka ɗauki wani kaya a shagon ka yi ciko. A ɗauka, don misali kawai, an karɓi faifai a fam 15 an sayar a fam 30. Kamfanin da ya ƙirƙiri wasan ba ya samun ko kwabo a wannan ciniki na biyu. Harajin VAT, wanda a lokacin yake kashi 17.5 cikin ɗari, dokar kayan hannu ta ba da damar a biya shi a kan ratar da ke tsakanin saye da sayarwa kaɗai, wato fam 2 da 'yan kai, alhali sabon faifan fam 40 kusan fam 6 ne harajinsa. Fam 15 ɗin da aka rubuta wa mai faifai ma ba ta bar shagon ba, a ciki zai kashe ta. Kuma faifai ɗaya yana iya zagayowa sau uku ko huɗu.

Sana'ar tana da nata ramukan. Faifan da ya karce sai an sa shi a injin goge fuska kafin ya koma kan kanta, wani kuma ba ya gyaruwa. Wasannin shekara-shekara irin FIFA da zarar sabo ya fito sai na bara ya faɗi warwas, shagon da ya tara su da tsada ya kwana da asara. Saboda haka farashin karɓa yana sauka mako bayan mako, wanda ya yi jinkirin kawo faifansa shi ke shan ƙasa.

To, a nan ne shaguna biyu a titi ɗaya suke da amfani. Yaron da ke riƙe da faifai uku zai shiga Game ya ji farashi, ya tsallaka titi ya ji na Gamestation, ya sayar wa wanda ya fi tayawa. Kowane manaja ya san haka, shi ya sa ba ya iya taya kaya da arhar wulaƙanci. Gogayyar ba a kan abin da ake sayar maka kaɗai take ba, har da abin da ake saye a hannunka. A ganina wannan ɓangaren ne aka fi yi wa illa, kuma shi ne ba ya fitowa a allon talla, balle a lura da saukarsa.

Hukumomi ba su kau da kai ba. Ofishin kula da adalcin ciniki, OFT, ya miƙa batun ga Hukumar Gasar Kasuwanci a watan Agustan 2007, kuma kayan hannun ne babban abin da ya dame shi. A Janairun 2008 hukumar ta amince da cinikin. Hujjarta a taƙaice: farashin sabon faifai shi ke danne na hannu, domin ba wanda zai sayi tsoho a kuɗin da ya kusa na sabo, sabon kuma manyan kantuna da masu sayarwa ta intanet sun hana shi tashi. Mai son rabuwa da faifansa kuwa yana da eBay da ƙananan shaguna masu zaman kansu.

Rabin farko na wannan hujja gaskiya ne, lokaci ma ya tabbatar da shi fiye da yadda aka zata. A Nuwamban 2009 da Call of Duty: Modern Warfare 2 ya fito da farashin kamfani na fam 54.99, kantin Sainsbury's ya sayar da shi fam 26. Kantin abinci yana iya faɗuwa a kan faifai don ya jawo mutum ya cika kwando da cefane. Shagon gem ba shi da cefanen da zai mayar da asararsa. Ga kuma irin su Play.com da ke aiko da kaya daga tsibirin Jersey, inda ƙaramin kunshin da bai kai fam 18 ba yake shigowa ba VAT, rangwamen da sai a Afrilun 2012 aka soke wa tsibiran. Rabi na biyu ne ban gamsu da shi ba. Sayarwa a eBay na bukatar asusu, da hoto, da zuwa gidan waya, da jiran kwanaki. Ɗan shekara goma sha huɗu da ke son sabon wasa yau Asabar ba zai yi wannan ba, kantar shago yake nema.

Shi ma Game da ya yi sayen bai tsira da cinikin ba. An ƙulla shi ne kasuwa tana tashe, Wii da DS suna tafiya kamar ruwa, PlayStation 3 bai daɗe da isowa Turai ba. A irin wannan yanayi haya biyu a titi ɗaya ba ta da nauyi. Amma hayar shago a Birtaniya yarjejeniya ce ta shekaru, galibi ana biyan ta wata uku-uku tun kafin a shiga watannin, kuma ba a fita daga cikinta don ciniki ya ja baya. Da kasuwa ta fara sanyi bayan 2008, sai ga kamfani ɗaya da haya biyu, ma'aikata kashi biyu, wuta biyu, duk a kan masu saye ɗaya. HMV mai sayar da faifan waƙa da fina-finai, daga baya kuma manyan kantunan Tesco da Asda, suka shiga karɓar kayan hannu. Masu fitar da wasanni su ma suka ɗauki mataki: daga 2010 EA ya fara saka lambar sirri mai amfani sau ɗaya a cikin kwali, wanda ya sayi na hannu sai ya sake biya kafin ya buga ta intanet. Nan take darajar tsohon faifai ta ragu.

Abin da ya ƙarasa shi bashi ne. Shago yana karɓar kaya ne ya biya daga baya, mai ba da kayan kuma yana dogara da inshorar da za ta biya shi in shagon ya gaza. Da wannan kariya ta janye, sai masu kaya suka ƙi sakin faifai sai da sharuɗɗan da Game ba zai iya ba. A Maris 2012 Mass Effect 3 ya fito babu shi a shagunan Game da Gamestation, mutanen da suka ba da kafin alƙalami aka ce su nema a wani wuri. Shagon gem da ba shi da wasan da kowa ke nema a makon, ba sabon cinikin kaɗai ya rasa ba, har da tsofaffin faifan da za a kawo musaya a kansa. Ranar 25 ga Maris hayar wata uku ta cika, washegari 26 kamfanin ya faɗa hannun kamfanin akantoci PwC a matsayin masu kula da durƙusasshen kamfani. Shaguna 277 aka rufe nan take, mutum sama da 2,000 suka rasa aiki. Kamfanin zuba jari OpCapita ya sayi 333 da suka rage, kafin ƙarshen shekarar kuma aka sauke sunan Gamestation gaba ɗaya.

Ba zan ce da an hana cinikin 2007 Gamestation zai rayu ba, domin uban gidansa na dā, Blockbuster, shi ma ya durƙushe a Birtaniya a 2013, sauke wasa ta intanet kuma yana ta cin kasuwar faifai. Abin da nake cewa shi ne, haɗa su ya sa faɗuwar ɗaya ta zama faɗuwar biyu a rana guda. Woolworths da Zavvi, waɗanda su ma suke sayar da faifan gem, sun riga sun durƙushe tun ƙarshen 2008, don haka ƙananan garuruwa da yawa suka tashi daga shago biyu zuwa ɗaya, wasu zuwa babu.

A 2019 Sports Direct na Mike Ashley ya sayi Game a kan kimanin fam miliyan 52, ƙasa da abin da Game ya biya don Gamestation kaɗai shekara 12 kafin nan. Shagunan da yawa an mayar da su lungu a cikin kantunan kayan wasanni na kamfanin, kusa da takalma da rigunan ƙwallo. A Fabrairun 2024 Game ya daina karɓar faifan hannu kwata-kwata. Mai faifai a hannu yanzu, a yawancin titunan, shagon kayan hannu na CeX zai nufa, farashin da kwamfutarsu ta nuna kuma shi zai karɓa ko ya koma da kayansa gida.