Inda na kai da feɗe marsiyyar ƙanwarmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon nazarin waƙa, na nan Garwa da na Marwa da Ngaundere a ƙasar Kamaru. Ga bayanin inda aikina ya tsaya a kan marsiyyar, wato waƙar makoki, da wata ƙanwarmu ta rubuta bayan rasuwar mahaifinsu, Allah ya jiƙansa. Ita da kanta ta ba da izini a feɗe waƙar a kuma kawo baitocinta, sai dai ta ce a sakaya sunanta.

Tsarin da nake bi shi ne wanda Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ya shimfiɗa wa ɗalibai: a fara da jigo, a duba zubi da tsari, sannan a shiga salo da adon harshe. Zubin bai ba ni wahala ba. Waƙar 'yar ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango (layi) biyu ne, baiti 17, amsa-amonta, wato gaɓar da ke rufe kowane baiti, "wa" daga farko har ƙarshe. Ta buɗe da sunan Allah da salati, ta rufe da addu'a, kamar yadda aka gada.

Kari, wato ma'aunin da ake jera gaɓoɓin waƙa a kai, shi ne ya ci mini lokaci. Mu da muka yi boko da Faransanci ba a taɓa koya mana auna gaɓar Hausa a aji ba, ga shi kuma rubutun boko ba ya nuna wasali mai tsawo. Dabarar da ta fisshe ni ita ce na sake kwafe waƙar da ajami, irin wanda muka taso da shi a makarantar allo, domin a can alif da wawu da ya suna fito da tsawon wasali ƙiri-ƙiri. Da na jera gaɓoɓin sai ga Mutadarak, karin nan da malaman aruli, wato ilimin auna waƙa, ke cewa Akhfash ne ya ƙara a kan 15 na Khalilu ɗan Ahmad. Kowane ɗango ƙafa huɗu, kowace ƙafa ko gaɓa biyu masu nauyi, ko marasa nauyi biyu da mai nauyi ɗaya (mai nauyi ita ce gaɓa mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe). Wanda bai iya ajami ba ya rera a hankali yana ƙwanƙwasa tebur, kunne zai gaya masa.

To, ga abin da ya fi damuna. Ran da aka karanta waƙar, baitin da kowa ya yaba shi ne wannan:

Ƙirjina tamkar garwashi,
Kullum ƙuna, ba hucewa.

Na san dalili. Akwai "tamkar", saboda haka ɗalibi na gani zai ce kamantawa, ya ƙara da cewa akwai kambamawa a "kullum", ya ji ya yi aiki. Baitin ba shi da aibu a kari, kuma ban yi shakkar gaskiyar mai shi ba. Amma a ganina shi ne mafi rauni a waƙar. Wanda aka yi wa sata zai iya faɗinsa, wanda masoyiya ta guje wa ma haka. Babu mahaifinta a ciki, babu gidansu. An faɗa mini akwai zafi, ni kuwa ban ji ya taɓa ni ba.

Ku dubi wannan kuma:

An kwashe tuwo kwano shida ne,
Yau ga mu biyar, ba mai cewa.

Ku nemi adon harshe a nan, da ƙyar za ku samu wanda za ku sa wa suna. Lissafi ne kawai, shida da biyar. Amma duk wanda ya taɓa zama gidan da aka yi rashi ya san wannan daren. Hannun uwa ya saba da adadin kwanoni tun shekaru, mara na shiga tukunya tana fita, kafin hankali ya dawo an riga an cika kwanon maigida an rufe da faifai. Yara sun gani, uwar ma ta gani. Marubuciyar ba ta ce Inna ta kwashe ba, ta ce "an kwashe", ta rufa wa mahaifiyarta asiri, mace mai takaba da ke cikin wata huɗu da kwana gomanta. Sannan ɗango na biyu ya tsaya cak ba a faɗi abin da aka kasa cewa ba. Na so in ɗauka amsa-amo ne ya tilasta mata yanke maganar, amma ko da hakan ne, tilascin ya yi mata rana, domin shirun gidan ya shigo cikin ginin jimlar.

Baitin buta ya fi kowanne riƙe ni:

Mun bar masa buta gun zaure,
Sai rana ce ke shanyewa.

A nan akwai mutuntarwa, an ba rana baki tana sha. Akwai alamtarwa, buta na tsaye a madadin alwala da salloli biyar da duk tsarin yinin dattijon. Waɗannan sunaye daidai ne, ku rubuta su. Sai dai abin da ya sa baitin ke aiki shi ne dole wani na sake cika butar, in ba haka ba me rana za ta riƙa shanyewa? Ba a faɗi ko wane ne ba. Kuma wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ya san ba ƙari ta yi ba. Da na auna ɗango na biyu sai na tarar gaɓoɓinsa takwas duk masu nauyi ne, babu mara nauyi ko ɗaya. Ku gwada rera shi da sauri ku ji, harshe ba zai yarda ba. Kari ya ja wa murya linzami daidai inda ya kamata.

Daga nan sai waƙar ta juya:

Jama'a sun zo, sun ce haƙuri,
Can da kai ne ke amsawa.

Tun daga farko labarin mamacin ake ba mu, a nan ne kaɗai ta juyo ta yi masa magana kai tsaye, kuma ba ta sake ba. Ɗangon farko ya fara da gaɓoɓi marasa nauyi ya ƙare da su kafin mai nauyin ƙarshe, ana jin shige da ficen masu gaisuwa, na biyu kuma ya koma nauyi zalla. Ma'anar ta fi ƙarfin abin da ido ke gani da farko. A duk rasuwar da aka taɓa yi a dangi, shi ke zama a tabarmar zaure, a ce masa ya haƙuri, ya amsa a madadin kowa. Yau an zo gaisuwar da ta fi kowace nauyi, mai amsawar ne babu. Na karanta wa wata gwaggona wannan baiti, ba ta san aruli ba, ba ta san jigo ba, ta daɗe ba ta ce komai ba sannan ta ce, "Yarinyar nan ta san gidansu."

Wani ɗan'uwa ya tambaya ko irin wannan bai yi kusa da rashin tawakkali ba. Ni ban ga haka ba. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya bayyana cewa ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Waƙar ba ta ƙetare wannan iyaka ba ko a ɗango ɗaya. Marsiyya kuma tsohuwar hanya ce. Khansa'u mawaƙiyar Larabawa ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, da Fulatancin da muke ji kullum a kasuwar garin nan. Inda ƙanwarmu ta bambanta shi ne magabata sukan jero kyawawan halayen mamaci, ita kuwa kusan ba ta yabe shi ba, gidan da ya bari ta nuna mana.

Shawarar da na ba ta ita ce kada ta cire baitin garwashi, ta dai matsar da shi ya biyo bayan na buta, inda mai sauraro ya riga ya ga dalilin ƙunar. Ta ce za ta duba, waƙarta ce.

Saura baitocin addu'a guda huɗu na ƙarshe ban taɓa ba. Akwai saɓi-zarce, wato zance ya zarce daga wani baiti zuwa na gaba, tsakanin biyu daga ciki, kuma kalmomin Larabci sun yi yawa a wurin, ina so in auna ko sun zauna a kan kari ko an ja su da ƙarfi. Wanda ke da tsohuwar marsiyya ta ajami a gidansu, ta Hausa ko ta Fulatanci, don Allah ya nemi izinin manya ya kwafo mana baitocin rufewarta mu gwada su da waɗannan.