Kyoto ta fi daɗi da sassafe

Daga Tokyo na hau jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, Shinkansen, cikin awa biyu da 'yan mintoci muka isa Kyoto. A nan sarakunan Japan suka zauna tun daga shekarar 794, sai a 1869 fada ta koma Tokyo. To amma wanda ya zo da tsammanin ganin gini mai shekara dubu a kowane lungu zai sha mamaki. Garin katako ne, katako kuwa abincin wuta ne. Yaƙin Onin kaɗai, wanda aka gwabza daga 1467 zuwa 1477, ya cinye mafi yawan birnin. Sunayen wuraren tsofaffi ne, ginin kuwa sau da yawa sabuntawa aka yi.

Kinkaku-ji, gidan nan da aka lulluɓe benayensa biyu na sama da zinariya, shi ne misali. Shugaban soji Ashikaga Yoshimitsu ya mallaki wurin a 1397, amma wanda ake gani yanzu na 1955 ne, domin wani matashi mai koyon limancin addinin Buddha ya banka wa na farkon wuta a 1950. Yana da kyau, ba musu, musamman yadda hotonsa ke kwanciya a kan ruwan tafki. Sai dai ba a shiga ciki, ga turmutsutsu, kowa waya a sama. Rabin awa ya ishe ni.

Fadar Nijo, wadda shugaban soji Tokugawa Ieyasu ya gina a 1603, ta fi riƙe ni. Ana cire takalmi a ƙofa, kana taka daɓen katakon sai ka ji yana kuka kamar tsuntsu. Ana cewa hakan na tona asirin duk mai sanɗa da dare. A fadar nan aka sanar a 1867 cewa gidan Tokugawa zai mayar wa sarki mulki.

Babban abin da na koya shi ne sammako. Mu da muka saba tashin asuba mun samu gata. Ina idar da salla na nufi tasha, minti biyar a jirgi sai Fushimi Inari, wani wurin bautar addinin Shinto na Japan, wanda ba a rufe shi, ba a kuma biyan ko sisi. Dubban ƙofofi masu launin ruwan goro sun jeru har kan dutse. 'Yan kasuwa da kamfanoni ne ke ba da su, domin a addinin Shinto Inari ne abin bautar shinkafa da ciniki, shi ya sa za ka ga sunan mai bayarwa a bayan kowace ƙofa. Na hau ni da wasu tsofaffi masu motsa jiki. Da hantsi, ina saukowa, hanyar ta cushe har ba wurin ajiye ƙafa.

Abinci kuma sai da tambaya. Romon taliyarsu galibi na ƙashin alade ne, kuma suna zuba giyar shinkafa a miyar da ba za ka yi zato ba. Akwai gidajen abinci na halal, amma ba su da yawa. Kusa da Nanzen-ji, wani wurin bautar addinin Buddha, na ci awarar da aka dafa a ruwan zafi, mai laushi ƙwarai, sai dai harshena ya yi ta neman yaji. Ka kuma riƙe leda a jaka, domin kwandon shara yana da wuyar gani a titi, kowa da shararsa yake komawa masauki.