Hazo a tafkin Nguru

Laraba, tsakiyar Janairu

Yau kwanana shida a Nguru, kuma da asuba saura ƙiris in tattara komatsaina in nufi tasha. Abin da ya tsayar da ni, tun jiya na biya Baba mai jirgi kuɗin yini, ni kuwa ban iya asarar kuɗi ba. Da na idar da sallah na leƙa waje, hazo ya fi na jiya kauri, ko fitilar mai shayin tsallaken titi da ƙyar nake hango ta.

Daren jiya ban yi barcin kirki ba, kuma ni na jawo wa kaina. Na kwanta da waya a hannu ina kallon finafinan namun daji na Turawa a YouTube, irin waɗanda za ka ga ɗigon ruwa a bakin tsuntsu kamar ka kai hannu ka taɓa. Gilashin zuƙowarsu milimita 600 ne ko fiye, su share watanni a laɓe wuri guda, mai ɗaukar sauti daban, mai tuƙa duron daban. Nawa 300 ne, na hannu, da kuɗin ɗaukar biki na saye shi a Kano, ƙafar kamarar kuma ɗaya sai an ɗaure ta da roba. Daga nan na sake buɗe saƙon masu ba da tallafin shirya fim da na nema, wanda na kusa haddacewa, inda suka ce sun gode amma ba su ga labari a abin da na tura ba. Sai kuma maganar Yaya ranar da zan taho: "Amare na layi suna jiranka, kai ka tafi bin tsuntsu? Tsuntsun ne zai biya maka haya?" Ban ba shi amsa ba a ranar. Wajen ƙarfe biyu na dare na yanke wa kaina hukunci cewa ni mai ɗaukar biki ne da ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa.

Na tarar da Baba a bakin ruwa yana kwalfe jirgi da ƙoƙo.

"Ina kwana, Baba. Ya sanyi?"

"Sanyi lokacinsa ne, ɗana. Yau kuma lafiya? Fuskarka kamar an kawo maka sammaci."

Na ce ba komai. Ya miƙo mini hannu na shiga, kamara a rungume kamar jariri.

Mun fi rabin awa muna kutsawa ta cikin kacalla, wannan doguwar ciyawa da ta fi mutum tsawo. Baba na tura jirgi da gora yana nuna mini wuraren da a da hanyar ruwa ce sarai, yanzu ta toshe. Abin da na karanta kafin in zo shi ne abin da yake faɗa, sai dai shi da idonsa ya gani. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina zuwa irin zuwansa na da, wato ya yi ambaliya da damina ya janye da rani. Yanzu ruwa na kwanciya a wasu wuraren shekara zagaye, ita kuwa kacalla abin da take so ke nan. Ta cinye gonaki, ta toshe magudanai, ta zama masaukin jan-baki masu cinye wa manoma shinkafa da gero.

Ni dai gauraka ce ta kawo ni. Da ita na tsara zan buɗe fim ɗin, tana tsaye da tukkunta mai ruwan zinare, sama garau a bayanta. Kwana biyar ko gashinta ban gani ba. Baba ya ce da yana yaro garke-garke suke sauka a fadama, kukansu ke tashe su da safe, amma masu kamawa suna sayar wa masu kuɗi su ajiye a gida sun yi musu illa. Na ce masa to ga rashin gauraka, ga hazon nan da ya ɓata mini komai, duk abin da na ɗauka fari fat kamar an yayyafa wa kamara toka. Na ce da zan samu rana ɗaya da sama za ta washe, da na ji sanyi.

Ya tsayar da gorar ya dube ni.

"Wai kai baƙin tsuntsayen nan ba su ka ce kana so ba? 'Yan ci-ranin?"

"Su ma ina so, Baba."

"To ai tare suke da hunturu. Tun ina goye nake ruwan nan, a cikin ƙurar nan na saba ganinsu. In ka nuna mini su sama tas, sai in ce wani gari ka je ka ɗauko."

Ya ci gaba da tura jirginsa. Shi a wurinsa zance ne kawai na mai raina wayon baƙo, amma ni maganar ta zauna mini. Kwana biyar ina jiran tafkin Nguru ya rikiɗe ya koma irin na cikin wayata. Abin ban haushin ma, a hazon nan aka haife ni, leɓena ya sha tsagewa a cikinsa tun ina firamare, amma da na ɗora ido a kamara sai na riƙa ganinsa kamar datti a jikin gilashi.

Wajen ƙarfe bakwai muka fita sarari, gefen wata gonar shinkafa da aka girbe. Kirinjijiya muka fara ji, da fitonsu mai gaɓa uku, kafin mu gan su. Su 'yan gida ne, ba sa zuwa ko'ina. Can bayansu kuma a cikin taɓo, ga tarin tsuntsayen da Turawa ke kira raf, masu dogayen ƙafafu, ruwan ƙasa-ƙasa, suna tsintar shinkafar da ta zube. In ka gan su nan ba za ka ce wani abin kallo ba ne. Amma daga arewacin Turai da Saiberiya suka taso, suka tsallake Bahar Rum da Sahara, kuma in suka koma gida wajen Mayu, namijin kan fitar da wani gashi kewaye da wuya kamar ya sha naɗi, su taru suna yi wa mata rawa. Turawa sun ɗauki wannan rawar har sun gaji. Mu nan da kayan aiki suke zo mana, ba kwalliya, ko kuka ba su cika yi ba. Saboda irinsu ne tafkin nan da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin Ramsar, wato jerin muhimman dausayi na duniya, a shekarar 2000, kuma saboda su ne Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya zo Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa a wannan yankin, a 1989.

Ɗaukar farko na kwafsa. Na bar kamara ta nemi saiti da kanta, ita kuwa a hazo ruɗewa take yi, tana gaba tana baya, har wani shaho ya gifta garken ya tashi ban samu komai ba sai dishi-dishi. Hannuna na rawa, muryar daren jiya ta dawo: ka gani ko? Baba bai ce uffan ba, ya kafa gora a taɓo ya riƙe jirgin da ƙirjinsa don kada ya motsa. Da bakin gorar ya nuna mini wani tsibirin ciyawa, ya ce nan za su dawo. Na mayar da saitin na hannu, na daidaita shi a kan ciyawar, na sa hoto ɗari a daƙiƙa don in samu tafiyar hawainiya wajen tacewa. Muka zauna. Ƙafata ta yi sanyi ƙalau a ruwan da ke cikin jirgin.

Minti ashirin da wani abu suka dawo, daidai inda ya nuna. Rana ta ɗan ɗago, fara sol kamar faranti, ana iya kallonta ido da ido. Suka ɓullo daga cikin farin nan kamar ana zana su ɗaya bayan ɗaya, suka karkata gaba ɗaya cikinsu ya yi walƙiya, suka sauka. A bayansu wani masunci a tsaye cikin jirginsa ya watsa birgi, inuwarsa kawai ake gani. Ban tsara shi ba, Allah ne ya kawo shi. Daƙiƙa goma sha tara.

Da rana ba abin kirki. Mun ci karfasa gasasshiya a wurin masu banda, na saƙala wa Baba makirfo a wuyan riga na ce ya maimaita mini zancen gauraka. Ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, sannan ya yi minti arba'in yana magana, har da kwaikwayon kukanta. A nan na lura da abin da ban taɓa sa wa a lissafi ba: ba tafinta tsakanina da shi. In ya yi habaici na gane, in ya yi shiru na san ba a katse shi. Duk tsawon gilashin wancan na YouTube, wannan sai ya nemi irina ya biya shi.

Da magariba jan-baki suka dawo kwana cikin kacalla, kamar hayaƙi, amma batir na biyu ya mutu ina tsaka da ɗauka. Na yi tsaki, na kalla da ido.

Yanzu sha ɗaya saura. Na kalli daƙiƙa goma sha taran nan a kwamfuta sau bakwai. Gefen hagu ya ɗan yi laushi, akwai kuma wata girgiza a farko da sai na yanke. Muryar nan ba ta tafi ba, ɗazu ma ta ce ai sa'a ce kawai, kuma Baba ne ya san inda za su sauka. Gaskiyarta, Baba ne. Amma saitin ni na yi shi da yatsuna, a cikin sanyi, bayan na kwafsa na farko. Na tura wa Yaya a WhatsApp ba tare da na rubuta komai ba. Ya buɗe, bai ce komai ba tukuna.

Ranar Asabar ina da kamu a Kano, dole in koma Juma'a. Batura na wurin mai caji, zan karɓa bayan asuba. Baba ya ce gobe mu gwada wajen Marma, kuma in zo da safa.