Kafin ka sai fankar sola ta mota, tsaya ka ji

Ku samarin da Allah ya hore wa 'yar mota kwanan nan, musamman masu ajiye ta a rana tun safe har la'asar a bakin ofis ko shago, na san tallan nan ya iso wayoyinku, wata 'yar fanka da ake ratayawa a gilashin ƙofa, da ɗan farantin sola a jikinta, wai tana zuƙe zafin mota ta fitar waje, ba mai ba batir. Ni dai na saya, da ɗokina ma, dan lokacin Afrilu ne, kuma duk wanda ya san Afrilun Gombe ya san digiri 40 ba labari bane, ka fito daga sallar azahar ka kama sitiyari sai ka sake shi ba shiri.

Toh abinda ban tsaya na yi ba shi ne lissafi. Rana in ta take da tsaka tana sauke kusan watt 1000 a kan kowace murabba'in mita, gilashin gaban mota kaɗai ya kai murabba'in mita ɗaya ko ya fi, ga na baya ga na gefe. Hasken nan yana ratsa gilashi ya sauka a dashbod da kujeru, su kuma baƙaƙe ne yawanci sai su shanye shi su mayar da shi zafi, zafin kuma ba shi da hanyar fita, shi ya sa cikin mota ke haura digiri 60 alhali waje 40 ne, dashbod ɗin ma ya fi haka. Farantin da ke jikin fankar fa? Bai fi tafin hannu ba, watt ɗaya ko biyu yake bayarwa in ya samu rana sosai. Kaga ana zuba maka ruwa da bokiti kai kana kwashewa da cokalin shayi kenan.

Sannan ita fanka ba ta sanyaya iska, turata kawai take yi. Ko da ace mai ƙarfi ce, iyakarta ta fitar da iskar ciki ta waje ta shigo, ta wajen nan kuwa a watan Maris ko Afrilu ita ma hucin wuta ce. Duk wanda ya ce maka za ka dawo ka tarar da mota kamar an kunna AC wlh neman kuɗinka yake.

Wani abun da ya ɗau lokaci kafin na gane, wanda kuma shi ya fi ban haushi, shi ne fankar takan yi sanyin jiki daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Da hantsi in rana na dukan gefen da na rataya ta sai ka ji tana juyi da ƙarfinta, amma da an doshi sha biyu zuwa ɗaya sai ta koma lallaɓawa. Na ɗauka lalacewa ta yi har na kai wa wani mai gyaran wayar mota a wajen Tashar Dukku, ya juya ta ya kalla yace yallaɓai lafiyarta lau, rana ce ba ta samu. Da gaskiyarsa. A taswira Gombe tana wajen digiri 10 ne kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu, a Afrilu rana da tsaka kusan a tsakar kanmu take, shi kuwa farantin a tsaye yake a jikin gilashi yana kallon gefe, hasken sai dai ya goge shi ya wuce. In kuma farantin ta ciki yake kuma gilashinka mai duhu ne, toh ɗan abinda zai samu ma an rage masa.

Ba wai dabarar ce ta banza ba fa. Toyota sun sa irinta a motarsu Prius ta 2010, amma su farantin a rufin motar suka shimfiɗa shi yana kallon sama, babba ne mai bada sama da watt 50, kuma fankar motar ta ainihi yake juyawa ta jawo iskar waje. Su ma ɗin ba su ce AC ba ce, cewa suka yi tana rage zafi ya kusanci na waje. Saboda haka in har ka dage sai ka saya, ka nemi wadda farantinta daban yake da waya, ka shimfiɗa shi inda rana ke sauka kai tsaye, kuma ka bar wata kafa a ɗaya gefen, dan iska ba za ta fita ba in ba ta da inda wata za ta shigo. Mai batir a ciki kuwa ni ba na ba da shawararta, batirin lithium da zafin mota ba sa ga maciji, kumbura yake yi, haka ma fawa bank da waya da kwalbar turare mai fesawa, kar ka bar su a dashbod.

Sai maganar kafar da take bari. Dole gilashi ya ɗan sauka kafin ta zauna, akwai wata roba da ake haɗowa da ita wai ta toshe sauran wurin, tawa ba ta jima ba rana ta busar da ita ta lanƙwashe. Ruwan farko da aka yi, irin mai zuwa da guguwa ɗin nan, na tarar da kujerar baya sharkaf ga jar ƙasa, da hunturu kuma ƙura ce kullum. Ban da cewa kafa a gilashi gayyata ce ga mai dogon hannu in ka yi fakin a kasuwa.

Abinda ya yi min aiki daga baya ba shi da wani kwarjini. Inuwa ce farko, ko da za ka yi ɗan tattaki, gindin darbejiya ya fi duk wata fanka, sai dai ka lura inda inuwar za ta koma bayan azahar ba inda take da safe ba. Sai labulen gilashin gaba mai ƙyalli, wanda kuɗinsa bai kai na fankar ba, in ka samu wanda ake rufawa ta waje ya fi dan tun kafin hasken ya shiga an tare shi, ko kwali ne ma yana taimakawa. Tawul a kan sitiyari. In za ka shiga kuma ka sauke gilashi ɗaya, ka je ƙofar ɗaya gefen ka yi ta buɗewa kana turawa 'yan lokuta, iskar zafin za ta fice, ka tashi da gilasai a sauke na ɗan lokaci kafin ka rufe ka bar wa AC, shi ma sai ya huta.

Amma dan Allah ƙannena ku riƙe wannan, ko da fanka ko ba fanka kar ku bar yaro a mota da sunan yanzu zan fito. Wani bincike da aka yi a jami'ar Stanford ta Amurka a 2005 ya nuna kusan kashi 80 na zafin da mota ke ƙarawa cikin minti 30 na farko yake taruwa, kuma sauke gilashi kaɗan bai canja komai a zo a gani ba. Jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, layin banki ko cinikin kasuwa kuma kun san yadda minti biyar ke komawa awa. Ka ɗauke shi ku shiga tare ko da barci yake yi.